Wayar Ƙasa

Daren Laraba a Garwa, zafi ya ƙi kwanciya,
fanka na tuƙa iska kamar tuwon da ya yi tauri,
ni kuwa na farke cikin akwatin wasan nan
da Baffa Tanimu ya sayo a gwanjon Duwala
shekarar da na fara kai azumi magariba.

Robarsa ta koma launin haƙorin maci goro.
Ta ramin eriya kaɗai ya iya magana,
talabijin ɗin yau kuwa ba ya jin wannan yare.
Na ce to, bari in yanka masa sabon baki.

Na huda bayansa da ƙusa mai zafi,
na dasa soket rawaya, na dasa fari,
tiransisto ɗaya daga gawar rediyon Inna,
razista biyu da kafasita
daga rumfar Hamajoda ta bakin kasuwa,
wanda ya ƙirga ɗari biyar ɗina sau biyu, ya ce,
"Malam, garin gyaran gira ake rasa ido."

Na kunna.
Kiɗa ya fito, siriri, tsaf yadda na bar shi.
Hoto kuwa sai gudu,
layi na hawa kan layi
kamar Binuwai ta cika a watan Agusta
ta rasa gaɓar da za ta tsaya.

Na zargi kafasita, na juya mata ƙafafu.
Na zargi razista:
zoben ƙarshen nan baƙi ne ko ruwan ƙasa?
Idon ɗan arba'in da uku ba ya rantsuwa.
Mita ta ce saba'in da biyar, ba ta da laifi.
Sai aka ɗauke wuta.
Ƙarfen dalma ya huce a hannuna,
sauro suka karɓi aikin dare.

Alhamis na gano ɗigon dalma
ya ɗaura wa ƙafafu biyu auren da ba a nema ba.
Na raba su, na ƙona ɗan ali.
Hoto ya leƙo, fari fat, yana rawar ɗari,
ɗan mutumin ciki da inuwa uku a bayansa,
sannan ya sake zamewa sama.
Na zagi wanda ya zana taswirar,
na tuna ni na kwafe ta a bayan takardar magani.

Juma'a bayan la'asar
Zulai ta shigo da zoɓo mai ƙanƙara.
Na tura akwatin gefe don kofi ya sami wuri,
babban yatsana ya danne bakin soket.
Hoto ya tsaya cak.
Sama shuɗiya, ciyawa kore shar.
Na ɗaga, ya gudu. Na mayar, ya dawo.

Ashe baƙar waya ce, wayar ƙasa.
Dalma ta dunƙule a kanta tana ƙyalli
amma ba ta kama ba,
irin musabahar nan ta kan yatsu.
Kwana uku ina bin hanyar da wuta ke fita,
ban taɓa tambayar ta ina take komawa gida ba.

"Kar ka saki, Baba!"
Ta fizgi abin latsawa, ta zauna a kan tabarma.
Rai uku ta ci, ni ina tsugune,
yatsana ya yi tsami, gwiwa na ƙara,
duk duniyar da take tsalle a ciki
tana rataye a jikina.

Da ran ƙarshe ya faɗa rami
na kankare tagulla da reza,
ɗigo ɗaya, hayaƙi kaɗan, shi ke nan.

Yanzu hoto na tsaye da ƙafarsa.
Na ɗaure dunƙuna huɗu, na biyar ya shige ƙarƙashin gado.
Na miƙe da hannu wofi, ina kallo,
ƙanƙarar zoɓo ta narke tuni.
Ba ta ko waiwayo ba ta ce,
"Matsa mana, kana tare mini."