Farashin Asuba a Ilam

A Ilam, inda gajimare ke kwana kan gonakin shayi,
Sumnima ta rufe shago da ƙarfe biyar,
ƙamshin ganye bai bar yatsunta ba.

A saman laburare akwai kwamfuta bakwai,
biyu sun mutu, ɗaya tana tari.
Malam Dhungana ba ya karɓar ko rupi,
sharaɗinsa ka zo da littafin cinikinka
da duk asarar da ke ciki.

"Me ke ci miki tuwo a ƙwarya?"
"Dillalai," in ji ta. "Su ke da farashi,
mu sai tsinka da dako."

Wata huɗu tana gina manhaja tana rushewa.
Ƙungiyar matan tudu ta ba ta rance,
bai kai kuɗin akuya biyu ba,
a biya bayan damina.

Yau da asuba waya ta yi ƙara cikin kwandon innarta:
kasuwar Birtamod, rupi arba'in kilo.
Tsohuwa ta duba, ta sake ƙirgawa da yatsu,
ba ta gama yarda da gilashin ba.
Sannan ta ce wa dillali ya dakata.

Ya kuwa dakata,
hularsa a hannu.