Kunnen Aro

Shekara talatin da huɗu ina tsaye kan injin niƙa a Gangare.
Masara, dawa, acca in an kawo,
duk na mayar da su gari.
Shi kuwa injin yana cin kunnena a hankali
yadda gara ke cin azara, ɗaki na tsaye.
Ranar da na sayar da shi
wani tsiwa-tsiwa ya bar min cikin kai,
sallamata ke nan.

Na koma mai gyaɗa kai.
A ce ina gajiya, in ce yara duk lafiya.
A yi dariya a majalisa in yi tawa a makare,
ban sani ba ko ni ake yi wa.
A masallaci sai na ga sahu ya sunkuya
sannan in san liman ya yi kabbara.

Asibiti sun faɗi kuɗin na'ura,
na ce a bar ni, ba ni da saniyar sayarwa.

Suwaiba ce, 'yar wajen Nafi'u, ta zo da abin ran Laraba:
farar igiya mai kai biyu, wai iyafis,
dubu ɗaya da ɗari biyar a Taminus.
Ta cusa min kamar mai ɗura wa akuya magani,
ta ajiye waya a bakin tabarma,
ta ja wani ɗan layi da yatsa,
ta ce, "Kaka."

Na waiga baya.
Ban san muryar ba.
Rabona da ita tun tana kiran ruwa luwa.
Ashe cikin shirun nan nawa
yarinya ta zama mace.

Sai kuma duniya ta afko ba sallama.
Cokali ya faɗi, na ce rodi ake saukewa.
Zakaran Mama Kangyang ya yi cara a tsakiyar kaina.
Na tauna goro,
na ji kamar masu fasa dutse a hanyar Bukuru.
Kunnen da Allah ya yi yana da rariya,
wannan ba shi da ita,
tsakuwa da tsaba duk ɗaya yake zubo min.
Suwaiba ta ce in rage nan, in ƙara can.
Kwana tara kafin yatsana ya iya.

Lantana ba ta saba ba, tana mantawa.
Ashe shekaru tana zagina a gabana, ina murmushi.
"Tsoho sai taurin kai.
Ka ga inda ya ajiye buta kuma."
Na haɗiye dariya har ta shaƙe ni.

Wata la'asar tana tankaɗe,
hular sanyi ta rufe min igiyar,
ba ta ɗago ba, da gari take magana:
"Allah ka bar min kurman nan.
Kar ya riga ni.
Wa zan yi wa faɗa."

Na kalli bango.
Akwai wata tsaga a wurin da na daɗe ina cewa zan liƙe,
ita na yi ta kallo.

Ban gaya mata ba.
Har yau in ta yi magana ƙasa-ƙasa nakan ce, "Iye?"

Jiya hadari ya taso daga Naraguta,
ina jin ƙanƙara na dukan kwano ɗaya-ɗaya,
karon farko tun ina da baƙin gashi,
sai waya ta yi ƙyaf, ta mutu.
Kwana uku ba wuta.

Na ba yaro naira ɗari ya kai caji,
na naɗe igiya na sa a aljihu.
Lantana na ƙofar kicin, tana tsince shinkafa.
Leɓenta na motsi.