Taki Ɗari a Mai Wurno

Kada ya ci akuya ta uku a bakin Nilu,
sai Baffa Mu'azu ya sauko da bindiga daga rataya.

Buhun yashi biyu a kan turmi.
Ya zare sakata, ya hura kogon,
ya ce, "Yakubu, auna taki ɗari,
kafe kwalin sukari a jikin giginya,
ɗiga masa gawayi a tsakiya."

Na dawo ina haki.
"Leƙa ta bututun tukuna.
Ƙarfe ba ya ƙarya.
Madubin nan kuwa baƙo ne,
sai an koya masa hanyar gida."

Ta ƙarfe, ga ɗigon, ƙarami kamar ƙwayar riɗi.
Ta madubi, zaren gicciye
yana can hagu, kan ganye, yana shirme.

Ya miƙo tsohon girshi da ya shafe.
Na sa a tsagar, na murɗa.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.
Zaren ya rarrafo.

Harsashi uku. Belbelu suka tashi.
"Kada ka bi rami ɗaya," in ji shi,
"ɗaya tsegumi ne, uku shaida."

Sai ya tambaya a ina suka faɗa,
alhali madubin na gabansa.
A nan na lura da yanar da ta rufe idonsa na dama.

"Yatsa biyu ƙasa, Baffa."
"To, murɗa."
Bai sake karɓar girshin ba.