Huɗu Cikin Ɗari

Ƙarfe uku da kwata ta shigo ofishina
da ƙamshin tuffa a rigar sanyinta,
Itzel Barragan, 'yar ajin ƙarshe.
Ta ajiye takardunta a hankali
kamar mai sauke tulu a kan dutse.

Ta ce, "Malam Lindqvist, kada ka lallashe ni.
Zan samu ko ba zan samu ba?"

Shekara ashirin da shida ina kan kujerar nan
a kwarin Yakima, inda gonaki
ke bin juna har gindin duwatsu.
Na san tambayar tun daga takun mai ita.

Na jawo takardun.
Lissafi, babu tabo.
Kimiyya, babu tabo.
Sai zangon kaka na aji biyu,
inda maki ya zube kamar an huda buhu.
Na ɗago kai. Ta riga ni:
"Shekarar da Baba ya faɗo daga tsani.
Ni na rataya jakarsa har aka gama tsinka."

To ina zan sa wannan?
Fom yana da gurbin wasanni,
gurbin kiɗa, gurbin shugabanci.
Babu gurbin yarinyar da ta hau tsani da asuba,
yatsu sun ƙage don sanyi,
ta shigo aji tana cizon leɓe
don kada barci ya kunyata ta.

Jami'ar da ranta ke so tana can gabas,
yini guda a jirgi,
jan bulo, ganye ya lulluɓe bango.
Cikin ɗari, huɗu suke ɗauka.
Casa'in da shidan kuwa ba ragwaye ba ne:
akwai wanda ya ƙera na'ura a garejin gidansu,
akwai wadda sunan kakanta
ke rubuce a saman ƙofar laburare.

Na taɓa ce wa wani yaro, Dorian,
"Kai kam ka shiga ka gama."
Amsa ta zo, layi uku.
Har yau in mun haɗu a gidan mai
sai ya gaishe ni da ladabi, ya kau da kai.
Na taɓa ce wa wata kada ta ɓata kuɗin fom.
Ta yi kunnen uwar shegu da ni.
Bara ita ta duba mini gwiwa a asibiti,
ba ta tuna mini ba ko da wasa.
Gara ma da ta tuna.

Tun daga nan na ajiye duba.

Na ce, "Itzel, lissafi kin fi ni iyawa.
Takardunki za su kai ki bakin ƙofa,
mabuɗin yana hannun wani da ban sani ba,
wanda ya karanta mutum sittin kafin ke,
shayinsa ya huce, idonsa ya yi ja.
Ki nemi ta jiharmu, ki ƙara wasu biyu.
Amma zomo ba ya kamuwa daga zaune,
waccan ma ki aika.
Ki rubuta tsanin.
Ba don a ji tausayinki ba."

Ta yi shiru, sannan ta ce,
"Ka san ba a fizgar tuffa?
Murɗawa ake yi, a ɗaga sama,
don kada a karya idon da zai haihu baɗi."

Na ce, "Wannan. Fara da wannan."

Ta tattara takardunta.
A bakin ƙofa ta juyo, ta laluba jaka,
ta ɗora mini tuffa guda a kan tebur,
ja, mai ɗan tabo kusa da hanci.
"Kamfani ba ya karɓar irin wannan.
Tabo ɗaya, sai a ware ta gefe.
Amma ci ka ji."

Motar makaranta ta yi ƙaho a waje.
Sai watan Maris za a san amsa.
Na zauna ni kaɗai da fom ɗin shaida,
na ci tuffar har ƙwaya
kafin na rubuta layin farko.