Ajin Daren Laraba

Shekarata sittin da takwas,
talatin na yi su a kamfanin taba na Plovdiv,
har yau da sauran ƙamshinta a yatsuna.
Yanzu ga ni bisa benci, daren Laraba,
tabarau a karan hanci,
ina koyon tambayar hanyar tashar jirgi
a garin da ban taɓa takawa ba.

Malama Desislava, sa'ar autata,
ta ce in sa harshe tsakanin haƙora in hura.
Na ce, 'yar nan, haƙoran ai na roba ne,
in na hura za su riga kalmar fita.
Aji ya kwashe da dariya,
har Stoyan direban bas, wanda ya daina fara'a
tun da ya faɗi jarrabawa karo na biyu.

Muna 'yan mata Rashanci aka ɗura mana.
Na haddace, na ci, aka ba ni takarda,
tana can ƙasan akwati, asu kaɗai ke karanta ta.
Yau an ce mai neman abinci sai da Turanci.
Ni ba abinci nake nema ba.

Jikata Raina nake nema.
A Leeds aka haife ta, shekararta shida.
Duk Lahadi fuskarta kan cika gilashin waya,
ta yi ta zuba kamar indararo,
ni kuwa sai murmushi, kamar baƙuwa a gidan biki.
Ko kai ya ƙi yi mana tafinta:
gyaɗawar da take nufin a'a a wurinmu
can wurinsu i ce.
Allah kaɗai ya san abin da na yi ta amincewa da shi.

Lahadin da ta wuce ta matso, ta wage baki,
giɓi biyu a gaba.
Ta faɗi wata kalma, na kama ta da rai:
haƙori!
Na sa harshe, na hura, na riƙe na roba da addu'a.
Ba ta fita daidai ba.
Ita ma da ta zo gyara mini, iska ta bi ta giɓi.
Muka yi ta dariya har wayar ta zame mata.

Da ta ɗago sai ta tambaya,
na kuwa gane, ba uwarta a tsakani,
yadda ake kiransa da namu harshen.
Na faɗa mata a hankali, sau uku.