Kwana Uku a Ruwan Toka

Daga Gwandu na zo da su a ƙullin leda,
'ya'yan bagaruwa, baƙaƙe, masu taurin tsakuwa.
Kakana majemi ne, kwanson yake so.
Ƙwayar zubarwa ake, awaki su tsince.
Sai shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa,
Inna Tumba ta duƙa, ta riga awakin.

Ba ta son labarin shekarar.
Abin da take maimaitawa lissafi ne:
a fasa, a jiƙa a ruwan toka kwana uku,
kowace safiya a tsiyaye,
a shanya, a soya sama-sama, a daka.
Wanda ya tsame a kwana biyu, in ji ta,
cikinsa zai ba shi labari.

Yau ga ni a Aliero, a saman bene,
warin albasa na shigowa ta taga
daga motocin da ke lodin Kudu.
Malam Arzika ya hana ni taɓa na'urar
sai na goge hannu. Danshi, ya ce, maƙiyinta ne.
Turmina bai kai tafin hannu ba.
Na niƙa ɗan garin da wani farin gishiri,
muka matse shi ya zama faifai siriri
har ana hango fitila ta cikinsa.

Wuta ta ɗauke.
Minti arba'in muna jiran janareta,
yana ba ni labarin mai ɗorin da ya gyara masa ƙafa
ba tare da ya nemi hoto ba.

Akwai wani haske can bayan ja,
inda ido ke gajiya ya tsaya.
Fata ce ke jin sa, kamar ɗumin murhu
bayan an kwashe garwashi.
Shi na'urar ke turawa ta cikin faifan.
Kowane ɗauri a ƙwayar yana da kiɗan da yake takawa,
in ya ji nasa sai ya shanye hasken wurin.
Ragowar ta fito, ta zana layi a allo.

Layin na gangarawa yana hawa.
Wajen dubu uku da ɗari uku
wani kwari mai faɗin fadama: ruwa da danginsa.
Dubu biyu da ɗari tara, haƙora biyu: mai.
Dubu ɗaya da ɗari shida da hamsin,
nan na ja kujera.
Furotin.
Abin da ya riƙe mahaifiyata tana 'yar shekara huɗu.
Can kusa da dubu, rijiya mai zurfi: sitaci.
A gefe kuma, a maƙale, alamar bauri,
wannan da ke jeme fata, ya jeme hanji.

Muka sa faifan jiƙon kwana ɗaya: bauri na nan daram.
Na kwana biyu: ya rage, bai tafi ba.
Na uku, sai da Malam Arzika ya gyara tabarau
yana neman wurin da bakin biro.

Da na kai babi na uku,
Dakta Nomau ya zagaye layi guda da ja:
"Wa ya ce kwana uku? Kawo madogara."
Tsarin na son suna, da shekara, da shafi.
Inna Tumba ba ta san shekarar haihuwarta ba.
Na bar gurbin a buɗe har la'asar.

Bayan isha na kira gida.
Aka kanga mata wayar a kunnen da ke ji.
Na ce, Inna, injin ya yarda da ke.
Ta yi shiru, ina jin kukan tunkiya a bayanta.
Ta ce, ya ɗanɗana?
Na ce a'a, haske yake turawa.
Ta ce, to.
Tokar dai, ta karan gero kika sa?