Rewaya a Dam ɗin Sabke

Tasi'u rewayan mota ne a Daura,
bai taɓa taka ruwa ba sai yau.

Jirgin dam ya ƙi tashi,
ɓera ya shiga benen matuƙi,
ya ci waya, ya bar kashi.

Ya hau tsani, filaya a haƙori,
gwiwa na kaɗawa.
Ja ya bi ja, baƙi ya bi baƙi,
shuɗiyar nan ta ƙi faɗin gidansu.

Ya kankare tsatsa, ya sauya fis,
ya danna hon, sai fitila ta kama.
Masunta suka bushe da dariya.

La'asar sakaliya ya gano bakin zaren.
Inji ya yi tari, ya ɗauka.
Aka ce, zauna a zaga da kai.
Ya ce, ku dai fara kai ni tudu.